Baƙar Kwamfutar da Gwaggo Ta Saya

A ɗakin wanki na asibitin, kowa Gwaggo yake ce mata, har likitocin da suka girme ta. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, hannuwanta sun yi fari-fari sun tsattsage saboda ruwan sabulu da maganin wanki. Tun tana da ƙuruciyarta take aiki a wannan ɗaki na ƙarƙashin bene, inda manyan injuna ke gurnani tun safe, zannuwan gado na saukowa cikin kwanduna masu taya. Ba ta da yawan magana. In ta ɗaga zanin gado ta dube shi, takan san daga wane sashe ya fito, wani lokaci ma takan san ko mai shi zai tashi ko ba zai tashi ba. Sai dai ba ta faɗa wa kowa. Ta jefa a inji, ta ce Allah ya kyauta.

Ta taɓa aure, Allah bai ba ta haihuwa ba, auren kuma bai yi ƙarko ba. 'Yar da take da ita ɗiyar yayanta ce, wadda ta ɗauko tana rarrafe bayan iyayenta sun rasu a haɗarin mota. Tartsatsi ake ce wa yarinyar, don tana ƙarama ta taɓa cusa ƙusa a ramin wutar lantarki ta ga me ke ciki, unguwa duka ta yi duhu. Wuta ba ta kashe ta ba, ba ta kuma hana ta ba. Ta girma tana kwance fanka da rediyo da agogon bango, har ta kai jami'a tana karatun injiniyan injuna. Su biyu suke zaune a ɗaki biyu a hawa na biyu na wani tsohon gini, teburin karatun yarinyar a gindin taga, injin ɗinkin da ya lalace a ƙarƙashinsa yana jiran ranar da za ta samu lokacin gyara shi.

Matsalar ta fara ne a shekarar Tartsatsi ta uku a jami'a. An ba su aikin zana wani ɓangare na injin, wanda ba a yi sai da wata manhaja mai nauyi, irin wadda ake juya zane ta ko'ina kamar abin yana hannunka. Tsohuwar kwamfutar cinyarta, wadda wata likita ta ba ta kyauta, da ta buɗe manhajar sai fankarta ta hau ihu, ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke.

"Gwaggo, wannan kam ta gama aiki," in ji Tartsatsi wata rana da yamma.

"Ke da kike gyara na mutane, naki ne ya gagare ki?"

"Ba lalacewa ta yi ba, tsufa ne. Kamar a ɗora wa tsohon jaki buhun siminti ne. Wadda nake buƙata sai mai ƙwaƙwalwa da yawa, kuma da katin hoto nata na daban, shi ne ke ɗaukar nauyin zane." Ta sosa ƙeya. "Kuma irin wannan ita ce ke ɗaukar wasan tseren mota."

"Au! Ashe biri ya yi kama da mutum. Karatu ne ko wasa?"

"Wallahi duka biyun abu ɗaya suke ci, Gwaggo. Wadda ta iya wannan ta iya wancan."

Gwaggo ta harare ta, amma a ranta ba ta ga laifi ba. Yarinyar ba ta yawo, ba ta da ƙawayen banza. In dai wasan mota ne zai zaunar da ita a gida, to a yi ta tseren. Akwai ɗan abin da ta daɗe tana tarawa don gyaran haƙoranta na gefe. Ta ce haƙora sa jira.

Ranar hutunta suka shiga bas zuwa babban ginin da ake sayar da kayan waya da kwamfuta, hawa kan hawa, shago na danne shago, wayoyin lantarki sun yi saƙa a saman kowace hanya. A ƙasa suka fara, wurin wani dattijo mai tabarau. Ya saurari Tartsatsi, ya ji abin da ke hannunsu, ya girgiza kai.

"Mama, ba zan cuce ku ba. Da abin da kuka zo da shi, ga sabuwa fil a kwali, amma ta rubutu ce da kallo. In 'yarki ta buɗe wannan zane nata, za ta riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wadda take so, ga ta can." Ya nuna wata a cikin gilashi, ya faɗi kuɗinta.

Gwaggo ba ta ko taya ba. Suka yi godiya suka fito.

A bakin matakala wani siririn mutum ya tare su, ɗan kamasho, irin masu tsayawa suna sauraren cinikin mutane. Yana da tabo a leɓensa na sama wanda ke sa ya zama kamar kullum murmushi yake.

"Hajiya, na ji abin da ƙanwata take nema. Akwai ta a sama, 'yar hannu, amma kamar jiya aka ɓare ta. Ku zo ku gani, gani ai ba saye ba ne."

Suka bi shi. Suna hawa hayaniya na raguwa, shaguna na komawa rufaffu, har suka kai wani lungu a hawa na ƙarshe inda ƙwan lantarki ɗaya ke ƙiftawa. Ɗakin ba shi da allon suna, ba shi da kanta. Tebur ne da kujera da kwalaye a jingine. Mutumin da ke zaune a ciki ƙato ne mai sanyin murya, kowane yatsansa da zobe. Da suka shiga, ɗan kamasho ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. Gwaggo ta waiwaya ta dubi ƙofar.

"Saboda ƙura ne, Mama," in ji Mai Zobe, ba tare da ya ɗago kai ba.

Ya jawo jaka daga ƙarƙashin tebur ya zaro kwamfutar. Baƙa ce, mai kauri, da ya kunna ta sai madannanta suka kama da jan haske kamar garwashi. Tartsatsi ta ja numfashi. Ta zauna ta duba cikinta, ta ga ƙwaƙwalwar, ta ga katin hoton, har ma manhajar zanen tana ciki. Ta buɗe aikinta daga ɗan abin ajiyarta, ta juya zanen dama da hagu, yana juyawa sumul ba ko gargada. Ta ga wasan tseren ma yana nan. Ta dubi Gwaggo da idon da ba ta yi mata ba tun tana ƙarama.

Mai Zobe ya faɗi kuɗi. Bai kai rabin na dattijon ƙasa ba.

Abin da ya kamata ya faranta wa Gwaggo rai shi ne ya sa gabanta ya faɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta matso ta duba da kyau. Wasu madannai na gefen hagu sun goge har haruffansu sun dushe, alamar yatsun wani sun daɗe a kansu. A bayan murfin akwai sauran danƙon wani abu da aka ɓanɓare da gaggawa.

"Malam, mai ita me ya sa ya sayar?"

"Tafiya ta kama shi."

"To, a rubuta mana takarda."

Mai Zobe ya yi murmushi, ya tattara yatsunsa, zobban suka yi ƙara. "Mama, ni ne takardar. In wani abu ya faru, ga ɗakina. Amma in ba ku shirya ba, akwai wanda zai zo ɗauka da yamma."

"Gwaggo…" in ji Tartsatsi a hankali.

Gwaggo ta kwance bakin jakarta. Mai Zobe ya ce su haɗa da jakar kwamfutar, kyauta ce.

Kwanakin farko gidan ya cika da murna. Yarinyar ta yi ta aiki, zanen injinta na girma, in ta gaji ta sa abin kunne ta hau tsere, tana karkata jiki kamar da gaske a mota take. Wasan da sunan tsohon mai kwamfutar yake buɗewa, wani mai kiran kansa Damisa, kuma ya riga ya ci duk manyan motocin, don haka ba ta sauya sunan ba. Gwaggo takan tsaya a bayanta da kofin shayi ta ce, "Ki taka birki mana, ke 'yar nan, za ki kashe mutane."

Sai ranar da Gwaggo ta ga jakar kwamfutar ta yi dauɗa ta ce bari ta wanke. Ta jiƙa ta a bokiti da ruwan sanyi ta je ta ɗora girki. Da ta dawo, ruwan ya juye ya koma launin tsatsa. Ta tsuguna ta juya madaurin kafaɗa, inda soso yake a ciki, ta matsa. Abin da ya fito ta san shi. Ta san launinsa in ya kwana biyu, ta san ƙarninsa in ya sha ruwa. Wani ya goge bayan jakar da kyau, amma bai san soso na riƙe abu ba.

Ta daɗe a tsugune. Daga ɗaki tana jin Tartsatsi na dariya ita kaɗai. Ta zubar da ruwan, ta sake wani, ta shanya jakar a bayan ƙofa inda ba a gani. Ta ce wa ranta ƙila haɓo ne, ƙila mai ita ya taɓa faɗuwa a babur. Ranar abincinta bai shiga ba.

Da azahar ɗin wata Asabar, tana ninke kaya, ta ji yarinyar ta kira ta da wata irin murya.

"Gwaggo, zo ki gani."

A gefen wasan akwai wurin da 'yan wasa ke aika wa juna saƙo. Tartsatsi ta karanta mata. Na farko ya ce: Damisa, kai ne? Na biyu ya ce: Don Allah in kai ne ka yi magana. Suna cikin kallo na uku ya faɗo: Na san ba shi ba ne, da hannuna na sa shi a kabari. Wane ne kai?

Tartsatsi ta rufe murfin da ƙarfi. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar fankar kwamfutar da ba ta gama tsayawa ba.

"Tun yaushe?" in ji Gwaggo.

"Tun shekaranjiya suke zuwa. Na ɗauka abokin wasansa ne kawai."

Nan Gwaggo ta gaya mata zancen bokiti. Yarinyar ta kalli hannayenta, ta goge su a jikin siket ɗinta.

Suka koma ginin kasuwar a ranar. Lungun na nan, ƙwan lantarkin na ƙiftawa, amma ƙofar a buɗe take, ɗakin wayam, ko tebur babu. Maƙwabcin da ke gyaran waya ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin kowa a ɗakin nan ba, yana faɗa yana kallon abin da ke hannunsa. A bakin matakala suka ga ɗan kamasho. Gwaggo ta yi masa sallama. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Hajiya, kin san ni ne?"

Da suka fito titi ta waiwaya, ta gan shi a tsaye a bakin ƙofa, waya a kunne, idonsa a kansu.

Ta kira ƙanenta, direban tasi, wanda Tartsatsi ke kira Baffa. Ya zo da yamma ko injin motar bai kashe ba, ya ji labari, ya ɗora hannu a ka.

"Yaya, ke da wayonki? To wallahi ku ba ni ita yanzu in jefa a kogi. Ba ku gani ba, ba ku ji ba."

"Zan iya goge komai," in ji Tartsatsi. "In na goge ta tas, ba mai ganewa."

"Ko ki goge, sun riga sun ga an kunna," in ji Baffa. "Kayan kisa ne fa! In aka same shi a hannunku, wa zai tsaya jin ta bakinku? Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ita kuma wannan, karatun nata ya ƙare ke nan."

Hankalin Gwaggo ya koma asibiti. Ƙofar ɗakin wankinsu tana kallon ƙofar ɗakin ajiye gawa, tsakaninsu ɗan fili ne da benci. Shekara da shekaru tana wucewa ta gaban wannan benci da kwandon zannuwa, tana ganin masu zama a kai. Waɗanda aka gaya wa ciwon da ya kashe nasu sukan yi kuka su tashi. Waɗanda ba su san wanda ya yi ba, ba su san dalili ba, su ne ke zama har a zo a ce za a rufe.

"Buɗe," ta ce wa Tartsatsi. "Rubuta masa. Ki ce wata tsohuwa ce ta saya a kasuwa, ba ta sani ba. Ki ce gobe za ta kai wa hukuma da kanta."

"Yaya, kin haukace?"

"Ni na ba da kuɗi, ni na saya. Sunan yarinyar nan ba zai fito a bakina ba, kai ma kada ya fito a naka."

Amsa ta zo nan take. Mai rubutun ya ce shi yayan mamacin ne. Ƙanensa mai zanen gine-gine ne, bai daɗe da fara aiki ba. An tare shi a kan gadar masu tafiya da ƙafa yana dawowa daga ofis, aka buge shi a ka, aka ɗauke jakarsa.

Da safe ta sa kayanta masu kyau, ta ɗauki kwamfutar da jakar ta tafi ofishin 'yan sanda. Jami'in da ya karɓe ta ya saurare ta har ƙarshe, yana buga biro a tebur.

"Mama, kowa da muka kama da kayan sata, a kasuwa ya saya. Ina takarda?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"Ina mai shagon?"

"Ya tashi."

"Kin gani kuwa, sai ki zauna."

Ta kwana a bayan kanta, a kan siminti, tare da wata mata da ba ta daina tari ba. Baffa ya yi ta zirga-zirga da abinci. Abin da ya fitar da ita shi ne yayan mamacin ya zo da kansa ya nuna saƙon da ta sa aka rubuta, dattijo mai tabarau kuma ya yarda ya shaida cewa ta zo shagonsa neman saye, ya ga lokacin da aka ja su sama. Amma jami'in ya ce akwai sauran aiki: sai ta nuna musu ɗan kamashon.

Haka ta shiga ginin nan a gaba, 'yan sanda biyu cikin farin kaya na bin ta a baya. Yana nan a bakin matakala. Ta ɗaga hannu ta nuna shi, a gaban masu shaguna da masu dako da duk wanda ke leƙowa daga sama. Da ake tura shi mota ya juyo ya dube ta.

"Hajiya, sai mun haɗu," ya ce.

Mai Zobe kuwa ba a same shi ba, har yau.

Daga nan zaman gidan ya sauya. Wayarta takan yi ƙara, ta ɗauka, a yi shiru, sai numfashi. Mai gadin asibiti ya ce wani ya zo yana tambayar lokacin da take tashi daga aiki, bai bar suna ba. Mai shagon ƙasan gidansu ya ce wasu mutane sun sayi ruwa sun tambaye shi ko nan ne gidan mai wankin asibiti. Ba su jira mai tambaya na uku ba. Baffa ya kwashe su da kayansu zuwa wani ɗaki a bayan gidansa, can ɗaya gefen gari. Gwaggo ta koma shiga bas biyu kafin ta kai aiki, kuma ba ta bin hanya ɗaya kwana biyu a jere.

Kwamfutar ta zauna a hannun hukuma a matsayin shaida. Kuɗin ya tafi. Tartsatsi ta koma bin layi a ɗakin kwamfutocin makaranta, inda ake ba kowa ɗan lokaci a tashe shi, aikinta bai kammala a kan kari ba, aka ce sai ta maimaita darasin. Ba ta yi ƙorafi ba, wasan tsere kuma ko a wayar wani ta gani sai ta kau da kai. Wata rana ta ce, "Gwaggo, ni na ja mana." Gwaggo ta ce, "Ke kika kwance bakin jakata? Tashi ki ɗora mana ruwa."

Shari'ar ta ja lokaci. Ranar da aka kira Gwaggo ta ba da shaida, ta tsaya ta faɗi abin da ta gani, har zancen ruwan bokiti. An ɗaure ɗan kamasho bisa laifin dillancin kayan fashi. Ya ƙi faɗin sunan kowa.

A matakalar kotu wata tsohuwa mai sanda ta tsayar da su, wani magidanci na riƙe da hannunta. Ba sai an faɗa ba, Gwaggo ta gane mahaifiyar mamacin ce da yayansa. Suka gaisa, ta yi musu ta'aziyya. Tsohuwar ta juya wurin Tartsatsi, wadda ta rako Gwaggo ta tsaya a gefe.

"'Yata, an ce ke ce mai karatun zane. Sun ce an goge hotunansa duka. Ba ki ga komai nasa a ciki ba?"

Tartsatsi ta dubi Gwaggo. Gwaggo ta gyaɗa mata kai.

"Na ga zane ɗaya, Mama. Gida ne ƙarami, bai gama ba. Ba shi da matakala ko ɗaya, ko a bakin ƙofa gangare ya yi. Ɗakin da ya fi girma yana kusa da banɗaki, ya sa ƙarfen dafawa a bango."

Tsohuwar ta dubi sandarta.  Ta kama hannun Gwaggo, wannan tsattsagen hannu, ta riƙe shi da ƙarfi har ɗan nata ya ce, "Mama, mu je, rana na yi."

Baffa na jiransu a tsallaken titi. Suka shiga mota, Gwaggo ta ce masa kada ya bi ta babban titi, ya zaga ta bayan tashar jirgin ƙasa. Ya buɗe baki zai ce hanyar ta fi nisa, sai ya dube ta a madubi, ya juya kan motar.